Ƙaramar Laimar Jidda

Tun da korona ta kwantar da Jidda a asibiti, ta kuma sake ta da ƙyar, ba wanda ya ƙara miƙa mata babban abu. In za a zuba mata abinci sai a rage. A ɗakin bincike na jami'a, inda take karatun digiri na uku a kan ruwa, abokan aiki har rige-rigen ƙwace mata jarka suke yi, wai kada ta yi haki. Shi kuwa yayanta Ɗalhatu, direban bas a nan Doha inda take karatun, ko jakar hannunta ya ga ta yi ɗan nauyi sai ya karɓe. An fi shekara da warkewa, amma har yau lallaɓa ta ake kamar ƙwai a cokali. Tausayin nan ya ishe ta, ya kai mata iya wuya.

Ana cikin haka aka ba ta gurbin aiki a Norway, a wata tawaga mai ɗibar dusar ƙanƙara tana aunawa. Wurin tudu ne shimfiɗaɗɗe, kuma in sanyi ya kama, mota ba ta shiga. Katakon zamiya suke ɗaurawa a ƙafa, su ɗaga wata laima irin ta sojan sama, iska ta ja su bisa ƙanƙara har inda za su. Shugabar tawagar ta gaya mata a waya cewa iskar tudun ba ta san wasa ba, don haka ta nemi laima ta fara koyon sarrafa ta a kan yashi, kuma ta ba su amsa kafin a gama gasar ƙwallo ta cin kofin duniya da ake yi a Doha.

Inna, mahaifiyarsu, daga Funtuwa ta yanke hukunci. "Ni ban san ƙanƙara ba sai ta cikin kula. Yayanki na kusa da ke. Abin da idonsa ya gani ya faɗa mini, a kansa zan sa albarka ko in hana."

Jidda na da taurin kai, kowa ya shaida, amma ba ta kai ta hau jirgi ba albarkar Inna ba. Shi kuwa Ɗalhatu bai jira ya ga komai ba ya riga ya faɗi tasa. "Ba inda za ki. Huhun da ya sha wuya a ƙasar zafi ne za ki kai wa sanyi?"

Duk da haka shi ya kai ta kantin da ake sayar da laimar ranar hutunsa, don ya san in bai kai ta ba tasi za ta hau ita kaɗai. Gari ya cika da baƙin ƙwallo, an rufe titin bakin teku na Corniche ga motoci, tutoci ko'ina har a jikin benayen West Bay. Tun daga can har unguwar Al Gharrafa, inda kantin yake, tsaki yake ja, ita kuma ta maida fuskarta taga.

Mai kantin wani Batunisiye ne, kuma ranar ƙasarsu ke wasa, saboda haka rabin idonsa na kan talabijin. Ya tambayi nauyinta, ya tambaya ko ta taɓa riƙe laima, ta ce a'a. Ya tambayi irin iskar inda za ta, ta ce babba. Ya miƙa hannu bayansa ya jawo wata 'yar jaka wadda ba ta wuce matashin kai ba, ya dire mata a kan tebur.

Nan take ranta ya ɓaci. Wato shi ma, daga kallo ɗaya, ya auna ta ya ga ba ta kai ba?

"Babbar iska na ce maka," in ji ta da Turanci. "Waccan nake so."

Ta nuna wadda aka baje a bango don ado, ja da baƙi, faɗinta ya kusa cinye kantin. Mai kanti ya buɗe baki zai yi magana, sai aka kai wa ragar ƙasarsu hari a talabijin, ya dafe kai da hannu biyu ya manta da ita.

"Gaskiyarki, ƙanwata," in ji Ɗalhatu daga bayanta, muryarsa har da zaƙi. "In za ka sha giya sha ta dubu. Me za ki yi da wannan 'yar tsumma? Khalas, magana ta ƙare, a naɗe mana babbar, ni zan biya."

Har ya zaro katinsa. Daɗi ya kama Jidda, ta juyo za ta yi godiya, sai ta tsaya. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya cika mota da tsaki, shi ne yanzu zai saya mata babbar laima da aljihunsa? Ta dube shi da kyau, ta ga yana murza hanci, kuma tun suna yara in Ɗalhatu ya murza hanci to a duba tukunyar nama. Sai ta tuna kafin ya kama aikin bas ya daɗe yana kai 'yan yawon buɗe ido bakin teku wajen Sealine, ya wuni a mota yana kallon masu laima. Ita karatun ruwa ta yi, ba na iska ba. Shi ne ya san abin da ba ta sani ba.

Ta ƙwanƙwasa tebur har mai kanti ya waiwayo. "Babbar nan, a wace irin rana ake fita da ita?"

"Ranar da iska ta yi lakwas," in ji shi, idonsa na neman komawa kan wasa. "In ta taso, a jaka take wuni. Ba mai koyarwar da zai bar sabon shiga ya buɗe ta, don ɗauke mutum za ta yi ta maka da ƙasa. Babbar iska, ƙaramar laima. Ai ita na ba ki."

Kunya ta ɗan tsarga mata, amma fushi ya fi ta sauri. Ta juyo da Hausa.

"Wato Yaya, dabarar ke nan? Ka saya mini wadda ba za a bar ni in buɗe ba ranar iska, sannan ka kira Inna ka ce ko ɗaga ta ban iya yi ba?"

Bai musa ba. Ya maida katin aljihu a hankali.

"Da ƙaryar da zan yi wa Inna a kan laima, da wadda na riƙa yi mata lokacin da kike kwance, wacce ta fi? Kullum ta kira in ce kin yi barci. Ina tsaye a bakin asibiti da takunkumi a fuska, an hana ni shiga, motoci na fita da mutane ban san ko kina cikinsu ba. Ba ki san abin da na gani ba, Jidda."

"Ni ce a ciki, Yaya. Kai ƙofa ka gani, ni na ga abin da ke bayanta. Kuma ban fito don in ƙare rayuwata ana riƙe mini jaka ba."

Ta ji tausayinsa, har idonta ya kawo ruwa, amma ba ta bari ya zubo ba. Ta jawo 'yar jakar gabanta, ta sa aka haɗa mata da ɗamarar ƙugu da hular kwano, ta biya da katinta. Mai kanti ya ba ta lambar wata mai koyarwa, Sana, ya koma wa ƙwallonsa. Da suka fito Ɗalhatu ya miƙo hannu zai karɓi kayan, ta ratsa ta gefensa ta buɗe but ɗin motar da kanta.

Daga nan duk safiyar da ba ta da aiki tana wani fili a kudancin gari, inda ba komai sai yashi shimfiɗe. Sana mace ce gajera mai faɗa, ba ta san lallaɓa ba, kuma wannan ne ya sa Jidda ta so ta. Ta koya mata shimfiɗa laima, da warware igiyoyi, da maƙala su a ƙugiyar ɗamara, da juya laimar dama da hagu da sandar da ke hannu. Akwai wani jan maɓalli a gaban ɗamarar, in aka tura shi laima ta saki mutum ta faɗi, kuma sai da Sana ta sa ta tura shi har hannunta ya haddace. Sai dai iskar kwanakin ba ta taka kara ta karya ba. 'Yar laimar ta tashi ta yi lilo ta zube, Jidda ta koma gida da yashi a takalmi da haushi a ciki.

Ana saura kaɗan a gama gasar, iskar arewa ta taso, wadda 'yan ƙasar ke kira shamal. Tun da safe tutocin gari ke kaɗawa kamar za su yage. Jidda ta buga wa yayanta waya.

"Yau ce, Yaya. In za ka zo ka gani, zo. In ba ka zo ba, ba ka da abin faɗa wa Inna."

Ya zo, fuska a murtuke. A filin, yashi na gudu a ƙasa yana tsikarar ƙafa, sai mutum ya ɗaga murya ake jin sa. Ɗalhatu bai tsaya wata-wata ba ya kira Inna ta bidiyo, ya ɗaga wayar sama yana juya ta, don tsohuwa ta ji kukan iskar da kunnenta.

Jidda ta cusa hijabinta cikin riga, ta ɗaure hular kwano, ta yi bisimilla. Sana ta ɗaga hannu. "Yalla! Mu je!"

Ashe 'yar tsummar nan jira take yi. Ta cika ta yi tsalle sama, ɗamarar ta finciki ƙugun Jidda, ta jingina baya kamar yadda aka koya mata, dugaduganta suka fara yanka yashi. Tana tafiya! Ta karkata sandar dama, laimar ta bi, ta karkata hagu, ta dawo. Ƙirjinta na bugawa, numfashi na shiga yana fita, kuma ba abin da ya tsaya. Rabon da ta ji jikinta nata ne tun kafin ciwo. Dariya ta kufce mata, yashi ya cika mata baki.

Sai iskar ta ƙara wani bugu. Tsoro ya sa ta yi abin da kowane sabon shiga ke yi, ta rungumo sandar zuwa ƙirji, alhali jawo ta ƙara wa laima ƙarfi yake yi.

"Saki! Tura ta gaba!" Sana ke ihu.

Ina! Ƙafafunta sun bar ƙasa. Ta faɗo rubda ciki, laimar ta ci gaba da jan ta a kan yashi kamar buhu. Tana jin muryar Ɗalhatu yana salati yana gudu. Ta lalubi gaban ɗamara, ta samu jan maɓallin ta tura. Igiyoyi suka saki, laimar ta zube can gaba tana birgima.

Tari ya sarƙe ta. Tana durƙushe tana yi, ga leɓe ya fashe, ga gwiwar hannu ta goge. Ɗalhatu ya iso yana haki, ya sunkuyo zai ɗago ta.

"Kada ka taɓa ni, Yaya."

Hannunsa ya tsaya a sama. Ta dafa ƙasa, ta kafa ƙafa ɗaya, ta kafa ɗayar, ta miƙe. Ta tofar da yashi da jini, ta ja numfashi mai tsawo tana kallonsa cikin ido, kuma numfashin ya shiga har ƙasa.

Shi kuwa ya juyo da wayar kan fuskarta. "Inna, kin gani da idonki, ba ni na faɗa ba. Dubi bakinta. Nan fa yashi ne, ina ga ƙanƙara? Ina ga inda ba ni?"

A cikin wayar, Inna na zaune a kan tabarma a tsakar gida, ta matso da fuskarta har goshinta ya cika gilashin. Ta ƙare wa 'yarta kallo. Jidda ta ji gabanta na faɗuwa fiye da lokacin da iska ta ɗaga ta, amma ba ta goge jinin ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

"Jidda."

"Na'am, Inna."

"Da kika faɗi, shi ya tsayar da abin?"

"Ni na tsayar."

"Shi ya ɗaga ki?"

"Ni na tashi, Inna."

Tsohuwa ta sa gefen mayafi ta share ido. Ta gyara zama.

"To koma ki sake, ban gani da kyau ba. Kai kuma Ɗalhatu, riƙe mini wayar nan sosai, hannunka sai rawa yake."