Babu Gurbin Launi a Fom

Takardar da ta fito daga ma'aikata ta raba ma'aikatan madatsar ruwa gida biyu: waɗanda dole su zo, da waɗanda za su yi aikinsu daga gida. Mai gadi zai zo, mai gyaran inji zai zo. Shi kuwa Mai Awo, tunda a takardar ɗaukarsa aiki an rubuta "mai shigar da alƙaluma", sai sunansa ya faɗa layin 'yan gida. Aka karɓi makullinsa, aka miƙa masa kwamfuta.

Ya je ya sami darakta. "Ranka ya daɗe, aikina ba rubutu kaɗai ba ne. Kullum da safe nakan sauka gindin bangon madatsar in duba ruwan da ke tsattsafowa."

"Ai na'ura tana auna shi, Baba. Har kan gadonka za ta turo maka lamba. Shekara ashirin da shida kana hawa matakala, ba ka gaji ba?"

"Yawansa take aunawa. Ba ta ganin launinsa."

Darakta ya juya fom ɗin rahoton awo gaba da baya, ya yi dariya. "Babu gurbin launi a nan."

Gaskiyarsa, babu. Waɗanda suka tsara fom ɗin ba su taɓa jiƙa takalmi a gindin madatsa ba, ina za su sani? Kowace madatsar ƙasa tana tsattsafo da ruwa, kuma muddin ya fito garau, bango lafiyarsa ƙalau. Ran da ya fito da laka, to cikin bangon yake kwasowa. Shi ya sa Mai Awo yake da tsohuwar kwalba, ya cika ta ya ɗaga wa rana. Ba wanda ya sa shi, wanda ya gada a aikin ne ya koya masa.

Matarsa kam daɗi kashe ta. "Allah ya saka wa gwamnati da alheri, ta dawo min da kai da sauran gwiwarka," in ji ta. Ta share masa teburi kusa da taga, har ta nemi ya ba ta kwalbar ta zuba mai. Ya hana.

Damina ta kankama. Lambar ta ɗan hau, amma akwatin da ke kan allo yana nan kore, wai daidai ne da lokacin ruwa. Shi aikinsa ya danna "Tabbatar" sau uku a yini. Ya roƙi mai gadi ta waya ya sauka ya leƙa masa, mai gadi ya ce shi kaɗai ya rage a ƙofa, in ya matsa a bakin aikinsa.

Ranar Laraba da hantsi babbar 'yarsa ta kira. Tana aure a unguwar da ke ƙasan madatsar, inda ruwan tsattsafon yake zama 'yar ƙorama ya wuce ta bayan gidansu. Suka gaisa, ya tambayi ƙaramar jikarsa, wadda yake tsokana da amaryarsa.

"Amaryarka ta hana ni sakat, Baba. Kullum tana ƙorama. Ga ruwan ya ɓaci, fararen kayan makarantarsu da na wanke duk sun koma ja."

Mai Awo ya miƙe tsaye, kujera ta kife a bayansa. "Ja? Tun yaushe?"

"Tun shekaranjiya. Yau ma ya fi kauri, kamar an dama ƙasa."

"Saurare ni. Kwashi yaran ki hau tudun asibiti yanzu. Kada ki ɗauki ko tsinke. Duk wanda kika gani a hanya ki gaya masa."

"Baba, lafiya?"

"Na ce ki tafi!"

Ya fizgi wayar matarsa ya kira ofis, ta yi ta ƙara ba mai ɗauka. Ya kira darakta, shi ma daga gida yake aiki, layinsa a kashe. A ɗayan kunnen yana jin 'yarsa tana gudu tana ƙwala wa yara kira. Tsakaninsa da su tafiyar awa guda ce a mota. Kwamfuta ta yi 'yar ƙararta, lokacin rahoto ya yi, akwatin kore shar.

Muryar 'yarsa ta dawo tana haki.

"Baba, na samu biyu. Amaryarka ba ta nan. Wai ta bi ƙawayenta can gindin bango, sun je kallon inda ruwan yake ɓulɓulowa."