Sarƙar Goggo Hajjo

Karo na huɗu ke nan sarƙar ta rabu a hannun Lurwanu. Ya ɗago ta daga garwashi da awartaki, ya tsoma a kaskon ruwa, ta yi cuu. Kafin ya kai ta kan dutse azurfar ta sulale gefe guda, baƙin ƙarfen ya faɗi ɗaya gefen. Ya tsaya yana kallon su, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Sai ya ji tari daga bayan danga, tarin ya juye dariya, dariyar ta sake komawa tari.

"Ɗan boko, ta kuma watsewa ko?"

Baba Mijinyawa ne, maƙwabcinsu, maƙerin farfaru wanda rabin matan Karaye suka shiga ɗakin aure da awarwaronsa a hannu. Wata biyu ke nan ciwon ƙirji da kumburin ƙafa sun kwantar da shi. Kullum da hantsi matarsa Goggo Hajjo takan shimfiɗa masa tabarma a gindin dangar da ta raba gidajen biyu don ya sha iska. Ba ya hango komai daga nan, amma kunnensa kaɗai ya ishe shi sanin abin da ƙarfe ke ciki.

Shi Lurwanu ɗan tela ne, bai gaji ƙira ba, kuma tsohon bai taɓa barinsa ya manta da haka ba. Yanzu yana shekara ta uku a Zariya, yana karatun zane da ƙere-ƙere. Da za su taho hutun damina na 1972 malaminsu ya ce kowa ya dawo da kayan ado guda ɗaya irin wanda ido bai taɓa gani ba. Wanda ya zo hannu biyu zai maimaita shekara. Wanda nasa ya yi kyau kuwa makaranta za ta riƙe, ta sa a akwatin gilashi, ba ya komawa hannun mai shi. Saura kwana goma hutu ya ƙare.

Ya yanko bakin wata tsohuwar fartanya kamar jinjirin wata, ya goge shi da magagari har yana ɗaukar ido. A tsakiya yake so ya ɗora faifan azurfa, a gefe kuma yankan ƙahon bijimi da ya samo wajen mahautan Rogo, da dutsen ado, jar tsakiya guda biyu, a rataye duka da jar fata. A takarda abin ya yi kyau. A wuta ne yake ƙi.

Amma ba makin malami ne ke hana shi sukuni ba. Shekara uku yana kawo wa Baba Mijinyawa abin da ya ƙera duk hutu, tsohon ya juya shi a hannu, ya miƙa masa, ya ce wasan ya yi kyau. Sau ɗaya tak Lurwanu yake so ya ji ya kira aikinsa ƙira, ga shi kuma kowa a unguwa ya san tsohon ba zai ga kaka ba.

Ya kwashi gutsattsarin a hula ya zagaya. Goggo Hajjo na tankaɗe a tsakar gida, ta amsa sallamarsa da tsiyar da ta saba, wai angonta ya zo yau ma ba ko goro. Suka gaisa, ya tambayi mai jiki, ya durƙusa a bakin tabarma. Tsohon ya laluba ƙarfen da yatsa, ya shinshina azurfar. Ya ce baƙin ƙarfe aikin maƙeran babbaƙu ne, fari na maƙeran farfaru irinsa ne, kuma ba wauta ce ta hana kakanni haɗa su a murhu ɗaya ba. Sannan ya ɗago ido.

"Wuyan wa ka auna?"

Lurwanu ya yi bayani cewa ba ta kowa ba ce, ta kallo ce, a jikin allo za a kafa ta. Ya kawo maganar siffa da launi kamar yadda ake koya musu. Tsohon ya bar shi ya gama, ya zuba masa kayansa a hula.

"Je ka tambayi ubanka ko ya taɓa yanka riga bai ga mai ita ba."

Kwana uku Lurwanu bai sake hura wuta ba. Jikin tsohon kuma ya ƙara rikicewa. Ƙanensa Sulle ya zo daga Beli a keke da ƙullin sassaƙe, ya kwana biyu, ya koma saboda noma na biyu. A rana ta huɗu, bayan azahar, Goggo Hajjo ta leƙo ta saman danga ta ce Malam na kira, ya zo da tarkacensa.

Ya tarar an jingina tsohon da bango, an tokare shi da matashi. Ya rame ƙwarai. Ya ce zai nuna masa yadda ake yi, amma da sharaɗi. Ya sa Goggo ta kawo zare, ta kawo, ya ce ta matso ta zauna. Ta matso tana tambayar me za a ɗinka. Da ta ga ya ɗaga hannuwansa masu rawa ya nufi wuyanta, sai ta ja baya ta kama bakin mayafi.

"Haba Malam, a gaban yaro? Tsofai-tsofai da mu?"

"Ke dai tsaya. Ai mijinki ne, in ji ki."

Lurwanu ya sunkuyar da kai. Duk unguwa an san labarin. Shekara arba'in da ɗaya Goggo Hajjo na auren maƙeri, amma ba ta da ko zobe. Duk abin da ya ƙera ita ke fara sawa ta tafi gidan biki, mata su gani su yaba, kafin a watse an cire shi daga jikinta an saya. Ta dawo gida wuya fayau, ya ce zai yi mata wanda ya fi shi. Ita kanta takan ba da labarin tana dariya, wai ita ce rumfar kasuwar Malam.

Yau ba ta yi dariya ba. Ta kawar da kai tana kallon rumbu, tsohon ya zagaya zaren a wuyanta, ya sassauta shi da faɗin yatsa biyu, ya ƙulla. Ya daɗe yana ƙullin.

"Ga mai sarƙa nan. Ka yarda?"

Lurwanu ya tuna da akwatin gilashi, ya tuna da maimaita shekara. Ya haɗiye duka ya ce ya yarda.

Sirrin ashe ba wani mai tsawo ba ne. Tsohon ya ce baƙi da fari ba a tilasta musu da wuta, kowa da zafin da yake ɗauka. Sai dai a huda su, a zura ƙusar tagulla siririya, a daki kanta a sanyi, a hankali, har ta baje ta riƙe su. Ya nuna wuri bakwai da farce. Lurwanu ya huda, ya zura ƙusa ta farko. Tsohon ya ce a miƙo masa ƙaramar masabarsa. Hannun da ba ya iya riƙe ludayin koko, yana kama ƙotar sai rawar ta tsaya. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana zagaya kan ƙusar kamar mai lallashi, har ta kwanta luf kamar ƙwayar gero. Ya jingina yana haki, ya tura masabar gaban Lurwanu da ƙafa, ya ce aro ne, kada ya ji daɗi.

Washegari Lurwanu ya sha faɗa tun hantsi. Ya daki ƙusa ta biyu, murya ta taso daga bayan danga tana tambaya ko maciji yake kashewa. Ya sassauta, aka ce ko yunwa yake ji ne. Ƙusa uku ya lanƙwasa ya cire ya sake. Kafin la'asar biyu kawai suka zauna, amma ya kwanta yana murmushi.

Rana ta gaba gari ya waye da hadari a gabas. Ya zauna da wuri don ya riga ruwa. Ya ji motsin Goggo tana shimfiɗa tabarma, ya ji tarin da ya saba ji, ya fara. Wannan karon hannunsa ya gane hanya. Ta huɗu ta kwanta, ta biyar ta bi ta. Ba wanda ya tanka. Ya ɗauka tsohon barci ya yi. Da ya kai ta shida shirun ya dame shi, sai ya ɗaga masaba ya maka wa dutse da gangan, mugun duka, ya kasa kunne yana jiran a zage shi.

Kaji kawai ya ji suna tono. Can sai muryar Goggo Hajjo, ƙasa-ƙasa, tana salati tana maimaitawa.

Aka aika Beli. Aka yi wa Baba Mijinyawa sutura, aka kai shi bayan azahar ana yayyafi. Lurwanu na cikin masu ɗaukar makara, kuma duk hanyar maƙabarta abu ɗaya ke cinsa: taku biyar ne tsakaninsu, yana can yana ƙwanƙwasa, ba a kira shi ba.

Ranar sadakar uku ta zo daidai da jajibirin tafiyarsa. Da safe ya ƙarasa ƙusa ta shida, ya daki ta bakwai, ya ɗaura ƙahon da tsakiyoyin, ya yanka jar fatar daidai tsawon zaren. Ya naɗe sarƙar a ƙyalle ya sa a ƙasan akwatinsa, ya rufe, ya zauna a kai. Motar Zariya da ke bi ta Rogo da sassafe take tashi. Ya gaya wa kansa cewa mai takaba ba ta ado, wata huɗu da kwana goma, kafin nan zai ƙera mata wata. Sai ya tuna sau nawa aka gaya mata haka.

Da la'asar, da masu gaisuwa suka ragu, ya shiga ya mayar wa Sulle masabar, ya wuce ƙofar ɗakin Goggo ya durƙusa. Tana zaune a tabarma cikin tsohon zane, ba kwalli, ba komai. Ya yi mata gaisuwa, ta amsa. Bai yi niyyar tambaya ba, amma bakinsa ya riga shi: me ya sa ba ta kira shi ba?

Ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Na tashi zan kira ka. Ya riƙe min zane, ya ce, wa ke ƙira a bayan danga? Na ce Lurwanu ne mana. Ya ce to, kada a katse shi."

Lurwanu ya kasa ɗago kai. Ya ce yana zuwa. Ya fita, ya dawo da ƙyallen, ya ajiye a gabanta. Ta tambaye shi makarantar fa, don ta ji mahaifiyarsa na zancen maimaita shekara. Ya ce shekara ba ta gudu.

Ta warware ƙyallen. Ba ta kai sarƙar wuyanta ba. Ta shimfiɗa ta a cinya, ta bi ƙusoshin da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta koma kan ta farko ta tsaya. A waje ruwa ya sauko, mata na gudun kwashe ƙoren gumba daga tsakar gida, ita kuwa tana zaune a bakin ƙofa, yatsanta a wuri ɗaya.