Jan Fenti a Bangon Gareji

Tun lokacin zaɓe Sifana bakanike ba ya ga-maciji da ƙanensa. Shi yana bayan Ɗan majalisa, ƙanen yana bayan abokin hamayya. Musu ya kai su ga zage-zage, har ƙanen ya kwashe kayan aikinsa ya bar garejin. Yanzu kuma ga labari wai ya sami aiki a wani gari mai nisa, jibi zai tashi da iyalinsa.

Abin yana cin Sifana a rai, don wallahi yana kewar ɗan'uwansa. Amma mutumin naku taurin kai gare shi kamar noti mai tsatsa. Ga kuma maganar Ɗan majalisa da Sifana ya sa aka rubuta da jan fenti a bangon gareji: "Wanda ya ja da baya a rigima, ya ja da baya a rayuwa." Wanda ya kafa wannan a bangonsa, da wane baki zai ba da haƙuri?

Da hantsi wata baƙar mota ta tsaya a bakin garejin, tururi na tashi daga gabanta. Aka sauke gilashin baya. Ɗan majalisa ne da kansa, kusa da shi kuma abokin hamayyar nan, sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna ta dariya.

Sifana ya yi sororo. "Ranka ya daɗe, wannan ba shi ne...?"

"Shi ne," in ji Ɗan majalisa. "Asibiti za mu, duba mahaifiyarsa. Ita ta goya ni ina yaro."

"To, waccan maganar fa?" Ya nuna bango.

Ɗan majalisa ya sa tabarau ya karanta, ya girgiza kai. "Ni na faɗa, ranar jama'a na ta tafi, bakina ya yi daɗi. Maganar yini ɗaya ce, malam. Kai ne ka sa mata fenti."

Kunya ta kama Sifana, amma a ƙarƙashinta sai ya ji wani sanyi, kamar an sauke masa injin daga ƙirji. Ya canza musu tiyon ruwan da ya fashe, suka wuce. Ko hannu bai wanke ba ya lalubo waya, ya kira ƙanensa.

Bugu ɗaya aka ɗauka. "Yaya?"

Sifana ya yi gyaran murya. "Motar da za ka ɗebi yara a ciki, wa ya duba maka birki?"

Ƙanen ya sassauta murya.

"Babu kowa, Yaya. Ban yarda da hannun wani ba."

"Kawo ta yanzu."