Takardar da ke Cikin Kwando

Fasto ya ɗaga kwandon roƙon addu'a ya ce, "Yau ba zan kai takardun nan ofis ba. Za a karanta su ɗaya bayan ɗaya, mu ɗauki nauyin juna."

Mama ta ƙura wa kwandon ido.

Jiya Auta, 'yarta mai shekara goma sha biyar, ta naɗe hannun riga a kicin ta nuna mata sawun reza, layi-layi. Tun da ƙawarta ta rasu take yankan jikinta. "Mama, don Allah kada kowa ya ji." Mama ta yi alkawari. Da safe kuma ta rubuta komai a takarda, ta sa hannu kamar kullum, ta jefa a kwando. A ganinta Fasto kaɗai zai gani, shi da Allah.

Mai karantawa kuwa mijinta ne, dattijon ikilisiya. Bai san komai ba. Ya fara karantawa.

"Neman aiki."

"Amin!"

"Ciwon ƙafa."

Auta na can cikin mawaƙa, da riga mai dogon hannu duk da zafin nan. Mama ta yunƙura za ta tashi, maƙwabciyarta ta ja mata zane. "Ina zuwa, 'yar'uwa? Ko tukunya kika bari a wuta?"

Takarda ta shida. Dattijo ya buɗe, ya buɗe baki, ya tsaya.

"Dattijo, rubutun likita ne?" in ji Fasto. Aka yi dariya.

Dattijo ya dubi matarsa, sannan idonsa ya koma kan mawaƙa. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Wannan ba ta karantawa ba ce."

Amma Auta ta ga kallon. Ta ajiye littafin waƙa ta fice ta ƙofar gefe.

A bakin famfo bayan coci Mama ta cim mata.

"Kin rubuta."

"Addu'a nake nema miki, Auta."

"Ke ba ki iya addu'ar ba ne? Sai da alƙalami?"



Sai ga Dattijo da sauri, ya bar sujada a tsakiya, abin da bai taɓa yi ba. Ya miƙa wa Auta takardar.

"Ni kaɗai na gani. Taki ce."

Ta tsaya jiran faɗa, ko aya. Bai kawo ko ɗaya ba. Ya durƙusa a jiƙaƙƙen siminti da kayansa na Lahadi.

"Gida ɗaya muke, ban lura ba. Ki yafe mini. Gobe mu je wurin likita, kin yarda?"

Auta ta daɗe tana murza takardar.

"Da kai zan je," ta ce. "Mama ta zauna a gida."

Mama ta gyaɗa kai.

"To, Auta. Zan zauna."