Jan Zare a Wuyan Riga

Dokar gidan tarihin ba ta da wuyar ganewa: tufa ba ta fita daga ɗakin ajiya, kuma ba a taɓa ta sai da safar hannu. Wata huɗu ke nan da aka ɗauki wata matashiya aikin gyaran tsofaffin kaya, sai ga shi ta karya dokar. Wata ƴar rigar yara ce da ta haura shekara ɗari, irin wadda ake yankawa da yalwa, a naɗe gindinta, a riƙa kwancewa yaro yana girma. Fitilar ofis ba ta nuna ɗinkin sosai, sai ta naɗe rigar a farar takarda ta kai gida, da nufin ta gyara a hasken taga ta mayar kafin a ankara.

Da hantsi ta fita sayo siririyar allura. Tana dawowa ta jiyo dariyar mahaifiyarta daga falo.

"Ƴar nan, zo ki ga ƙawata! Kamar don ita aka ɗinka."

Ƴarta mai shekara biyu ce tsaye kan kujera cikin rigar, tana tsotsar bakin hannun.

Nan take ta tuna wani gargaɗi. Ranar da ta fara aiki, tsohon mai kula da ɗakin, wanda kowa ke kira Baba Mai Makulli, ya gaya mata cewa a da ana barbaɗa wa wasu tufafin garin guba don maganin asu, kuma gubar ba ta tsufa.

Ta fizge hannun rigar daga bakin yarinyar, ta tuɓe ta. Yarinya ta tsala ihu.

"Ke, lafiyarki kuwa?" in ji mahaifiyar. "Irinta kakata ta sa mini, ga ni nan da raina. Ku ƴan boko, tsumma ma sai kun ji tsoronsa."

Ba duka tufafin aka barbaɗa wa garin ba. Baba kaɗai ya san waɗanda aka yi wa, kuma kiransa yana nufin ta tona wa kanta asiri. Ta riƙe wayar tana kallon lambarsa. Sai yarinyar ta yi tari, tana murza ido. Ta danna.

"Baba, na yi laifi. Na kawo rigar yaran nan gida, ƴata ta sa."



"Faɗa sai daga baya, ƴata. Juya wuyan rigar. Duk wadda aka sa wa gari, maigidana na farko yakan ɗaura mata jan zare ta ciki."

Ta juya. Ta bi ɗinkin da ido sau uku. Babu komai.

"Babu, Baba. Alhamdulillahi, babu." Ta zube kan kujera.

"Wane zare?" Mahaifiyar ta leƙo. "Jan nan? Ai ni na yanke shi. Yana sosa wa ƙawata wuya."

Ga shi nan kuwa kan tebur, kusa da almakashi, bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Ba ta tuna yadda suka isa asibiti ba. Ta dai tuna mahaifiyarta a bayan mota ba mayafi, tana goge bakin yarinyar da gefen zaninta, tana ta cewa, "Ni na kashe ta, ni na kashe ta." Likita ya tambayi minti nawa ta yi da rigar, ko akwai wata riga a ƙarƙashinta, ko ta yi amai. Aka wanke ta, aka ɗibi jini, aka ce su jira. Awa biyar suna kan benci, babu mai duban wani.

Da la'asar likita ya ce abin da ya shige ta kaɗan ne, su dawo bayan kwana uku.

Washegari ta isa ofis kafin kowa. Ta sa safar hannu, ta zura jan zare a sabuwar allurar, ta ɗaura shi a wuyan rigar, ƙulli biyu. Sannan ta ɗauki makullinta na ɗakin ajiya ta nufi ofishin shugaba don ta faɗi laifinta, ta tsaya tana sauraron takunsa a matakala.