Jar Jitar Ƙanin Matarsa

Idan ƙungiyarsu ta hau dandamali, akwai wurin da mawaƙi ke ja da baya ya kurɓi ruwa, a bar jita ta yi magana ita kaɗai. Solo suke kiransa, kuma na Mai Fenti ne tun kafin furfura ta same shi. Ba wani dogon abu ba ne, kafin a gama ɓare lemo an wuce shi. Amma nan ne kaɗai wurin da Mai Fenti ke tsayawa a gaba, ya turo tumbi, ya lumshe ido, mutane su dube shi ba don ya riƙe musu mota a gareji ba.

Shi da bakinsa ya kawo ƙanin matarsa ƙungiyar. An mayar da yaron garin da aiki. Yaro dai a bakin Mai Fenti, don Akanta, kamar yadda ake kiransa, ya ba arba'in baya, har sanƙo ya fara yi masa sallama.

"Ku ɗauke shi ya riƙa raka ni daga baya," ya ce wa Shugaba, mai gangarsu, wanda a ɗakin ajiyar tayoyinsa suke gwaji. "Ni na koya masa riƙe jita, lokacin ina neman yayarsa."

Ranar gwaji Akanta ya shigo da dogon akwati baƙi, ya ɗora a kan taya, ya buɗe. Mai Fenti ya leƙa. Ita ce. Jar jitar lantarkin nan mai ƙaho biyu, wadda duk wanda ya taɓa murɗa waya a duniya ya san sunanta, wadda shi bai taɓa ganin ta ba sai a hoto. Ta tsufa kuwa. Inda hannu ke kwanciya fentin ya ci har itace ya fito, farin robar gabanta ya koma ruwan haƙorin mashayin taba.

"Ta girme ni, Yaya," in ji Akanta, yana shafa ta kamar kan jariri.

"Ai da gani. Wa ya yi mata wannan wulakanci? Kawo ta gareji in rufa mata asiri."

"Rufa mini asiri dai! Wannan cin fentin shi ne kuɗinta."

Aka fara. Akanta ya tsaya a baya kamar yadda aka ce, amma tsakanin baiti da baiti sai ya ɗan sako wani abu, ƙanƙani, kamar mai gyaran murya. A waƙa ta uku Shugaba ya dakatar da ganga ya juyo gaba ɗaya.

"Sake yin wannan."

Ya sake.

Shugaba ya sosa gemu, bai dubi Mai Fenti ba. Ya ce walimar ritayar da aka ɗauke su a otal ƙarshen wata babba ce, maganar solo kuma a bari sai gwaji na ƙarshe, a ji kowa.

A hanyar gida Mai Fenti ya yi wa lamarin nazari na adalci, ya gano bakin zaren. Jitar ce. Ko akuya aka rataya wa wannan jita sai Shugaba ya juyo.

"Ƙaninki ya sayi jitar da ta fi motarsa tsada," ya ce wa matarsa, tana guga.

"Ma sha Allah. Da guminsa."

"Ni nawa gumin ruwan famfo ne?"

"Kai naka yana makarantar yara. Baban yara, in ka taɓa kuɗin firij, to jitar za ka riƙa sa wa nama."

Don haka ya fara neman mai kama da ita. Ya kwana biyu yana latsa waya a gareji, gilashi a kan hanci, yana kallon samari suna gwada mai tsada da mai araha ido a rufe, suna rantsuwa ba sa jin bambanci. Ya ƙaunaci samarin nan. Daga nan ya nufi shagon kayan kiɗa da ke bayan tasha, inda jitoci ke rataye a bango kamar nama a mahauta.

Mai shago ya sauko masa da uku. Ɗaya ta hannu ce, wuyanta ya karkace. Ɗaya a kwali take, guntu-guntu, sai mutum ya harhaɗa da kansa. Ta ukun ja ce, ƙaho biyu, ƙugu iri ɗaya, maganaɗisu uku a ƙarƙashin wayoyi, komai da komai, sai dai sunan da ke kanta wanda ko mai shagon bai iya furtawa ba.

"Maigida, wallahi in ka kashe fitila uwarsu ɗaya ubansu ɗaya."

"To a otal fitila a kunne take."

"Sai ka tsaya nesa da ita."

Ya jona ta ya kaɗa. Ba laifi. Gaskiya ma ta fi tsohuwar baƙar jitarsa daɗin hannu. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: tana walƙiya kamar motar da ya fesa jiya. Kowa ya gan ta ya san daga kwali ta fito. Ya saya duk da haka, firij bai ji komai ba sai ɗan kaɗan.

Washegari maƙwabcinsa Fanel-bita ya shigo aron tocila, ya tarar da abin da bai taɓa gani ba: Mai Fenti, mutumin da ke korar ƙuda daga gareji don kada ya sauka a kan ɗanyen fenti, yana zaune da sanfefa yana cin sabon fenti da hannunsa.

"Lafiya, maƙwabci? Ko a kira iyali?"

"Tsufar da ita nake yi."

"Ka ba ni ita mana in kai gida. Yarana su yi maka aikin kafin azahar, kyauta."

Mai Fenti ya ci gaba da aikinsa. Ya ci gefen da hannu ke kwanciya har itace ya leƙo. Ya jiƙa farar robar gabanta a ruwan shayi mai kauri, ya shanya a rana. Ya ɗauko tarin mukullan motocin mutane ya riƙa sakin su a bayanta, kowane ƙwas sai ya runtse ido kamar a jikinsa. Sunan da ke kanta ya goge shi tas. Bai rubuta wancan babban sunan ba, ko da yake hannunsa zai iya. Shi ba maƙaryaci ba ne. In an tambaya zai ce tsufa ya cinye, wannan kuma ba ƙarya ba ce sosai, tunda shi ne tsufan.

Da ya gama ya ja baya ya duba. Ta yi. Sai dai bakin wuraren da ya ci suna da kaushi, wanda a sana'arsa abin kunya ne. Ya bi su da sanfefa mai laushi har suka kwanta sumul. Ya ga cin da ke ƙahon sama ya fi na ƙasa faɗi, ya daidaita su. Sannan ya tsaya yana kallon itace tsirara, ba abin da ya kare shi daga gumi da damshi. Ya yi ƙoƙarin ya bar shi haka, Allah ya sani ya yi. Hannunsa ne ya ɗauko bindigar feshi. Shafi biyu na ruwan ƙyalli, siriri, yadda ake gama mota.

A gwaji na ƙarshe ya fito da ita kamar wanda ya saba.

"Kai!" in ji Shugaba. "Ina ka samo?"

"Tana nan tun da daɗewa. Ba na son nuna ta ne."

Akanta ya matso, ya sunkuya, ya bi cin fentin da babban yatsa. Yatsan ya zame kamar a kan faranti. Ya kai hanci ya shinshina.

"Yaya, tsufan nan naka bai gama bushewa ba."

Mawaƙi ya ƙware da ruwa. Shugaba ya kifa kai a kan ganga, kafaɗunsa na rawa.

"Kuma ka ga ikon Allah, hagu da dama daidai wa daida. Wanda ya riƙe ta da rula yake kiɗa?"

"Za ka ci gidanku. Da ban auri yayarka ba da yanzu kana kiɗa da murfin tukunya."

"Tuba nake. Ara mini ita in ji. Kai riƙe tawa."

Haka kawai, ba roƙo ba komai, Mai Fenti ya tsinci kansa rataye da ita. Ta gaske. Ta fi yadda ya zata nauyi. Shugaba ya ƙirga, aka shiga, mawaƙi ya ja baya, Mai Fenti ya lumshe ido ya saki solonsa. Abin da ya fito daga lasifika ya san shi sarai. Shi ne dai. Har ɗan tuntuɓen da yake yi wajen hawa sama yana nan, sai dai yau ya fito da murya mai tsada.

Sai Akanta ya karɓa, da jitar kwali mai warin fenti. Ya ja waya ɗaya sama a hankali ya riƙe ta tana kuka, har mai gyaran taya da ke waje ya leƙo da ƙarfe a hannu.

"Wallahi Yaya ka iya zaɓe," ya ce da ya gama, kuma abin haushin da gaske yake. "Wannan ai ba ta da laifi ko kaɗan."

Shugaba ya yi ta zagaye-zagaye, ya yabi shekarun Mai Fenti, ya ce ƙungiya ba ta tsayuwa sai da ƙaƙƙarfan hannu a baya. Mai Fenti ya ce ai dama shi ya fara tunanin a ba yara dama.

Ranar walima, da la'asar, suna jona wayoyi a zauren otal, masu hidima na jera kujeru. Akanta ya tafi gaida yayarsa, wadda ta zo da sabon mayafi ta zauna a layin gaba, wurin da ba ta taɓa zama ba a duk shekarun solon mijinta. A kan lasifikarsa ya bar ɗan robar da yake kaɗa wayoyi da shi. Shuɗi ne, mai kauri, bakinsa ya ɗan lanƙwashe. Mai Fenti ya dube shi. Nasa siriri ne, fari. Ashe! Duk wannan wahala, sanfefa da shayi, abin yana nan ɗan mitsitsi. Ya waiga, ya zura shi a aljihu.

Aka fara. Daga inda yake tsaye, kusa da labule, bayan tukunyar fulawa, Mai Fenti ya ga Akanta yana laluben saman lasifika, ya duba ƙasa, ya taɓa aljihun riga. Mawaƙi ya riga ya ja baya. Wani abu mai daɗi ya tsirga wa Mai Fenti har tafin ƙafa.

Akanta ya ɗaga kafaɗa, ya taka gaba, ya sa yatsunsa tsirara.

Mai ritaya ya ajiye cokali. Daga layin gaba aka ji muryar mace ta ce, "Ƙanina ne!" Mai Fenti ya ci gaba da raka shi daga baya, ɗan roba na soka masa cinya, bai kuskure ko bugu ɗaya ba.