Gemun Shamsu

Sana'ata wanzanci, a Tsibiri, kuma a duk zuri'armu ba a taɓa yin wanda gemu ya ba tsoro ba sai ni.

Ɗana Shamsu yana taya wani mai sayar da esansi, wato fetur, a unguwar Zariya, cikin Maraɗi. Wata rana jarka ta ɓace, mai kaya ya nuna shi, aka kai shi gidan kaso ya jira alƙali. Takardar haihuwa ba shi da ita. Uwarsa Tani ta ce an haife shi damanar da ruwa ya cinye mana gonar fadama, amma ba ofishin da ke karɓar wannan. Shef Abdulrazak, babban gardi mai tsaron wurin, ya dube shi sama da ƙasa, ya sa shi ɓangaren yara.

"Wanzam," ya ce mini, "tunda babu takarda, haɓa muke dubawa. Ran da gashi ya fito, sai wajen manya."

Na taɓa leƙa wajen manya. Mutane jibge kamar buhunan gero a sito, kuma ba wanda ya ɗago kai ya amsa sallama.

Sai muka shirya da Shef. Duk ranar ziyara in hau kabu-kabu da zabirata, in yi masa aski shi da mutanensa kyauta, sannan a fito mini da Shamsu tsakar gida in goge masa haɓa. Na sha gaya wa samarin Tsibiri cewa aska ƙara wa gashi ƙarfi take yi. Da abin ya zo kan nawa ɗan, ni na fara mantawa. Abin da ya fara kamar ƙurar gawayi ya koma yana kankare mini bakin aska.

Alƙalin yara kuwa an ce an canja masa gari, ba a kawo wani ba. Dosiyen shari'arsa yana nan lafiya lau, in ji su. Damana ta wuce, wata ta zo. Wandon Shamsu ya hau ƙwauri.

Rannan na jiƙa masa haɓa, sai ya riƙe mini hannu.

"Baba, bar shi."

"Mi za a bari?"

"Gemun. Yaran ɗakinmu Alhaji suke ce mini. Kuma an ce wajen manya ana kiran mutum gaban alƙali."

Na waiwayi Shef, yana zaune yana shafa sabon askinsa.

"Ana kira," ya ce. "Wani lokaci. Amma Wanzam, ko ka aske, muryar fa? Jiya ya yi sallama na miƙe tsaye, na ɗauka mai gidanmu ne ya shigo."

Na wasa aska a tafin hannu, na sake wasawa, sannan na mayar da ita zabira.

Da na koma, ta ɗaya ƙofar, ta wajen manya, aka fito da shi. An yi masa ƙwal da guntun reza, kai duk yanka-yanka, gemu kuma an bar shi. Tun daga Tsibiri nake shirya maganar da zan ƙarfafa masa zuciya da ita. Da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Wane ne ya yi maka wannan aikin banza?"

"Wani ne a ɗakinmu, Baba. Tun kafin a kawo ni yake jiran alƙali. A ciki ya koya."

Na yi wa Shef askinsa tunda na riga na zo da kaya.

A gida Tani tana surfe. Ba ta ajiye taɓarya ba ta ce, "Malam, yaya yaron?"

Na ce, "Ya girma."